Yau kwana 22, 'yan tsaki sun huda ɓawo amma sun ƙi fitowa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Kajin nan na marigayiya mahaifiyata ne, ita ta rene su, shi ya sa ba na son irin ya ƙare a hannuna. Babbar da ke kwanci muzuru ya kashe ta da dare, sauran kuma ko kallon ƙwai ba sa yi. Shi ne na sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa na zuba ƙwan. Uku sun huda ɓawo tun jiya, ina hango bakinsu yana motsi, ina jin kuka siriri, amma sun tsaya. Sauran shiru. In ɓare musu?

Wata 'yar uwa: Wa alaikumussalam. Ɓare musu a hankali da farce, Yaya, kar su shaƙe.

Wani malam: Hajiya, kar ki taɓa! Ɗan tsako kan kai awa 24 tsakanin huda da fitowa, yana janye gwaiduwa cikin cikinsa. Kin ɓare da wuri, jijiya ta tsinke, jini ya zuba, shi ke nan. Zafi nawa kika sa? Ya kamata ya tsaya a digiri 37.5 na Celsius. Danshi kuma daga kwana 18 a ɗaga shi zuwa kashi 65 ko 70, a daina juya ƙwai, a bar murfi a rufe.

Wani matashi: Injinan nan ma ƙarya suke. Nawa ya nuna daidai, ashe yana dafa min ƙwai, duk suka zama baragurbi. Mai sayarwar ya daina ɗaukar wayata.

Mai tambaya: Malam, ina buɗewa safe da yamma, amma na ɗan lokaci ne. Kaza ma ai tana tashi ta ci abinci.

Wani malam: Idan huda ta fara da wuya ta tashi. Buɗewar nan ita ke busar da fatar ciki ta manne wa ɗan tsako. Kin haska ƙwan da tocila a kwana 7 ko 10? Ƙwan ya wuce mako a ajiye kafin ki zuba?

Wata 'yar uwa: Ni dai na ɓare wa nawa, ga su nan suna yawo.

Mai tambaya: Zakarana lafiyayye ne, ƙwan ba shi da matsala. Kuma in ban buɗe ba ta ina zan ƙara ruwa? Ɗayan ma ya daina kuka yanzu.

Wani malam: Har yanzu ba ki faɗi zafin ba, Hajiya.