Na saka agogon DS3231 a Orange Pi amma Linux ya ƙi ganinsa, kuma gyaran da na yi ya goge

ɗan_gareji:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman taimako. Ina da ƙaramar kwamfutar nan Orange Pi PC mai Armbian (wani nau'in Linux) da nake amfani da ita wajen rubuta shige da ficen kaya a shagonmu, matsalar ita ce duk sanda aka ɗauke wuta in ta dawo sai lokacin ya rikice, kuma ba kullum muke da data ba balle ta gyara kanta ta intanet, jiya rasit ɗin safe ya fito da kwanan watan shekaranjiya. Sai na sayo ɗan agogon nan DS3231 mai batir na jona a I2C, wato wayoyin da ake jona ƙananan na'urori a allon. In na buga umarnin i2cdetect ina ganin 68 ƙarara, amma kanal, wato zuciyar Linux, bai san da shi ba. Wani ya ce in gyara fayil ɗin dtb mai bayanin na'urorin allon, na warware shi da manhajar dtc na ƙara layukan na mayar, ya yi aiki sati biyu, da na yi afdet komai ya koma gidan jiya. Wai me ya sa Linux ba zai gane abin da aka jona masa ba kamar yadda yake gane filasha? Kuma a ina ya kamata in ajiye gyaran?

injiniya_zr:
Wa alaikumus salam. Filasha ai ita ke gabatar da kanta, USB da PCI an gina su ne yadda na'ura za ta faɗi lambar kamfaninta da samfurinta. I2C da SPI babu wannan, 68 ɗin da ka gani adireshi ne kawai, DS1307 ma 68 ne, MPU6050 mai auna motsi ma 68 ne, to ta ina kanal zai san wanne ka saka? Dole a gaya masa, kuma aikin Device Tree kenan, bishiyar da ke lissafa abin da ke kan allon: wannan na'ura tana adireshi kaza, wayarta tana ƙafa kaza. U-Boot, manhajar da ke tayar da allon, ke ɗauko dtb ya miƙa wa kanal lokacin tashi, kanal ya duba layin compatible ya nemo direban da ya dace, wato manhajar da ke sarrafa na'urar.

Fayil ɗin da ka taɓa na kunshin Armbian ne shi ya sa afdet ya taka shi. Ka yi naka facin daban, ka fara da /dts-v1/; da /plugin/; sannan:

&i2c0 { status = "okay"; #address-cells = <1>; #size-cells = <0>; rtc@68 { compatible = "maxim,ds3231"; reg = <0x68>; }; };

Sai ka buga armbian-add-overlay da sunan fayil ɗin, zai ajiye shi a /boot/overlay-user, can afdet baya shiga. In ka sake kunnawa ka buga i2cdetect ka ga UU a gurbin 68 to direba ya kama.

malam_sparc:
Gaskiya ne abin da injiniya ya faɗa. Mu da muka ga zamanin da babu wannan tsarin a ARM (nau'in firosesan da irin waɗannan allunan ke amfani da shi) mun san darajarsa wallahi. Da can kowane allo fayil ɗinsa na C yake da shi a cikin arch/arm, ka canza ƙafa ɗaya ta LED sai ka sake haɗa kanal gaba ɗaya, kuma sau da yawa kanal ɗin wannan allon baya tashi a wancan. A 2011 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya yi faɗa sosai kan tarin shirgin da mutanen ARM ke turowa, daga nan aka rungumi Device Tree gadan-gadan. Asalinsa ma ba na ARM ba ne, daga Open Firmware ya fito, na injinan Sun da Mac masu PowerPC. Da arm64 ya zo ba a yarda da fayilolin allo na C ba sam.

Abin da har yanzu bai kwanta min ba shi ne zaman dts, wato rubutun da ake haɗa dtb daga gare shi, a cikin ma'ajiyar kanal. In dai bayanin ƙarfe ne, ai ƙarfen baya canzawa don an fito da sabon Linux, kamata ya yi ya zo tare da allon kamar yadda takwaransa ACPI ke zuwa a kwamfutocin x86 irin na tebur da laptop.

injiniya_zr:
Malam na fahimce ka, amma ka duba me kamfanoni ke yi in an bar su su kaɗai, kowa ya ƙirƙiro sunayen da ya ga dama, dtb ɗinsu baya aiki sai da tsohon kanal ɗin da suka yi wa kwaskwarima. Zamansa a ciki ne ya sa ake tace ƙa'idojin tare da direba, yanzu ma da YAML ake rubuta su, make dtbs_check ya kama maka kuskure tun kafin ka kunna allo. Kuma doka ce tsohon dtb ya ci gaba da aiki da sabon kanal, duk da ana samun masu karya ta.

ɗan_gareji:
Alhamdulillah UU ya fito, na gode ƙwarai Allah ya ƙara sani. Sai dai na zare wuta na mayar lokacin bai gyaru ba, kuma ina ganin agogo biyu, rtc0 da rtc1.

injiniya_zr:
Eh, H3 ɗin, wato firosesan allon naka, yana da nasa agogon a ciki wanda babu batir a allon, shi ya riga ya kama rtc0 kuma daga shi kanal ke ɗaukar lokaci. Naka shi ne rtc1. Ka saita lokaci daidai ka buga hwclock -w -f /dev/rtc1 sau ɗaya, sannan ka sa hwclock -s -f /dev/rtc1 a cikin /etc/rc.local, ka zare wutar ka gwada ka gaya mana.