Waɗanda suka koyar ko suka yi karatu a ƙaramar firamaren ƙauye, ku zo mu tattauna

Malamin Ƙauye:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata firamaren gwamnati da duka yaranta ba su kai ɗari ba, mu uku ne malamai har da hedimasta. Abin da ke damuna shi ne yadda ake auna mu da sakamakon jarrabawa kamar yadda ake auna makarantun cikin gari. Bana yara 9 ne a aji shida, biyu ba su zo rubuta jarrabawar shiga sakandare ba, ɗaya an tafi da shi kiwo ɗaya kuma zazzaɓi, shi ke nan a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma aka ce makarantarmu ta koma baya. Alhali sauran sun yi ƙoƙari wallahi. Ku da kuka san irin wannan makaranta ya abin yake a wajenku, kuma su waye yaran da ke zuwa?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumussalam Malam, Allah ya ƙara haƙuri. Na riƙe irin wannan makaranta kafin in yi ritaya. Inda yara ba su da yawa lissafin kashi cikin ɗari ba ya faɗin gaskiya, yaro ɗaya ya faɗi sai ka ga makaranta ta zube, shekara mai zuwa a samu 'yar liman mai ƙwaƙwalwa sai a ce kun yi zarra. Ni abin da nake dubawa yaro nawa ne ɗan aji uku zai ɗauki littafin Hausa ya karanta shafi guda ba tare da an ja shi ba. Sannan rajista daban, waɗanda ke zaune a kan tabarma daban. Da damina ta faɗi 'ya'yan manoma sun tafi gona, da kaka kuma ga girbi ga roron gyaɗa, ranar kasuwa kuwa kada ma ka sa rai da 'yan mata.

Maman Ummi:
Baba ka taɓo inda yake min ciwo. Ni a irin makarantar nan na yi firamare, a aji ɗaya mata mun fi maza yawa amma kafin mu kai aji shida mu biyu muka rage, saura talla ta ɗauke su wasu kuma an musu aure, kuma akwai wadda ta fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Ƙaramar sakandare tana can wani gari sai an yi tafiya mai nisa a ƙafa, to uba sai ya ce tunda ba za ta wuce ba me ya sa zai bari ta ƙarasa. Dokar ilimin bai ɗaya ta Najeriya (UBE) ta 2004 ta ce shekara 9 kyauta kuma dole, amma dolen ba ta iso ƙauyenmu ba. Kuma babu malama mace ko ɗaya, wannan ma yana sa iyaye ja da baya.

Ɗan Ruga:
Ni makarantar 'ya'yan makiyaya na yi, irin wadda ke ƙarƙashin hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa da aka kafa a 1989 mai hedikwata a Kaduna. Mu matsalarmu harshe ce kafin komai. Yaro ya taso da Fulatanci, malamin da aka turo Hausa kawai yake ji, littafin kuma Turanci, sai yaro ya yi shiru a ce daƙiƙi ne, alhali yaron nan ya san kowace saniya a garken babansa da sunanta. Da rani in ruwa ya ƙafe rabin aji sun bi shanu sai damina su dawo, su tarar an wuce su. Amma fa ƙanƙantar makarantar ta taimake ni, malaminmu ya san rugar kowa, in ban zo ba da yamma sai ga shi a kan keke.

Malamin Ƙauye:
Ɗan Ruga mu ma muna da su, kusan kashi ɗaya cikin uku na yaranmu daga rugage suke, sauran Hausawa manoma sai wasu 'yan gidaje na Maguzawa, kuma 'ya'yan Maguzawan ba sa fashi sosai gaskiya. Wani abu kuma, lokacin da shirin ciyarwa na tarayya da aka fara a 2016 yake aiki a wajenmu, aji ɗaya zuwa uku ya cika maƙil saboda su kaɗai ake ba abinci, aji huɗu kuwa sai a hankali.

Mushe Daga Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Nan ma haka ne a lakwal (makarantar boko) ɗin karkara, mushe (malami) guda ya haɗa CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, wuri ɗaya, wani ma ɗan kwantiragi ne. Ajin zana muke, sai an yi girbi an samu kara a kafa shi, to an ce a koma a Oktoba amma karatu na gaske sai bayan nan. Abin da ya yi mini amfani, ina sa manyan yara su zauna da ƙanana su riƙa bita, ni kuma in juya wajen ɗaya rukunin.

Maman Ummi:
Mushe mu ma haka malaminmu ya yi da mu, ni na koya wa ƙannena baƙi da wasali. Malam ka gwada kiran iyaye mata su kaɗai ba tare da maza ba, ta hannun kwamitin SBMC, wato kwamitin 'yan gari mai kula da makaranta, su ne ke ɗora wa yara talla kuma su ne za su iya sauke ta zuwa bayan an tashi.

Malamin Ƙauye:
Na gode Hajiya, zan yi wa hedimasta maganar, matar mai unguwa tana cikin kwamitin ai. Mushe don Allah in ka haɗa aji biyu ya kake yi da darasin lissafi? Nan ne nake shan wahala, ina da aji huɗu da biyar a ɗaki ɗaya kuma allon guda ne.