Carina ta mahaifina ta koɗe: a goge ta ko a sake fenti gaba ɗaya?

Baban Nafisa, Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum jama'a, daga Maraɗi nake. Shawara nake nema a kan motar da marigayi mahaifina ya bar mini, Toyota Carina E ƙirar 1996, ja. Ya sayo ta daga Kwatano a 2004, ni kuma tana hannuna tun 2017. Inji lafiya lau yake, har yau nakan je Tasawa in dawo ba ta yi tari ba. Jikin ne ke damuna.

Rufin da murfin but sun koɗe, jan ya koma wani fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Idan na shafa tafin hannu a kai, sai hannun ya fito da ja-ja. Ƙofofin da dama-dama, har yanzu suna ɗan ƙyalli idan an wanke. Kapo kuwa, wato murfin inji, nasa ciwon daban ne: wata fata mai kama da leda ce ke ɓarewa a kansa, ta fara daga tsakiya kamar girman faranti, yanzu ta kusa kai bakin gilashi. Gefen wurin ya yi fari yana ɗagowa, yara har sukan sa farce su ƙara ɓare shi. Kapon nan an taɓa sake masa fenti a 2012, lokacin da Baba ya yi karo da amalanke a hanyar Madarunfa.

A makarantar da nake koyarwa babu rumfa, a rana take wuni tun safe har azahar. A gida kuma ƙarƙashin bishiyar bedi take kwana. Yaron da ke wanke ta da Omo yake wankewa, wani lokaci ya bi ta da tsumma mai ɗan gazuwal, wato man dizal, don ta yi sheƙi.

Na je wurin masu fenti biyu. Na farko ya ce jika 70 na sefa, in kawo ta Litinin in ɗauka Laraba. Na biyu ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙofar baya, ya ce jika 230 kuma sai ta yi sati uku a wurinsa. Tazarar nan ita ta ruɗe ni. Ga shi wani abokina yana ta cewa in mayar da ita fara tunda fari ya fi jure rana, amma raina bai kwanta ba, don duk unguwarmu da jar motar Alhaji aka san ta. Ba ni da niyyar sayar da ita. Me ya kamata in yi?

Usta mai fenti, Sabon Gari

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Alhaji. Shekara 22 ke nan ina wannan aiki, a Katsina na koya kafin in dawo gida, kuma abin da ka kwatanta ciwo biyu ne a jikin mota ɗaya. Kada ka bari a yi musu magani ɗaya.

Fentin mota iri biyu ne. Akwai wanda launi da ƙyalli suke haɗe a shafi ɗaya. Akwai kuma wanda ake fesa launi, sannan a rufe shi da barni, wani ruwa garai-garai wanda shi ke ɗauke da ƙyallin kuma shi ke tare rana. Na farkon idan rana ta ci shi, samansa ne ke mutuwa ya zama gari, amma a ƙarƙashin garin nan sau da yawa akwai fenti mai rai. Ja ya fi kowane launi saurin yin haka a ranarmu ta Afrilu da Mayu. Shi kuwa barni idan ya fara ɓarewa, ya tafi ke nan. Babu folish ɗin da zai mayar da shi, wanda duk ya ce maka akwai, kuɗinka yake so.

Ga gwajin da za ka yi da kanka. Ka wanke motar, ka bari ta bushe a inuwa. Ka sami farin tsumma mai laushi da ɗan folish mai goge fenti, wanda ake sayarwa a shagunan kayan mota, ka goge wuri kamar faɗin tafin hannu a gefen rufi, da ɗan ƙarfi, minti biyu. In tsumman ya yi ja kuma wurin ya dawo da launinsa, to rufin gogewa kawai yake so. Ka yi haka a but da kapo, ka gaya mana abin da ka gani.

Batun jika 70 da jika 230 kuwa, ba fentin ne ya raba su ba, aikin da ake yi kafin fentin ne. Feshin kansa rabin yini ne. Abin da ke cin sati biyu shi ne cire fitilu da hannun ƙofa da robobin gilashi, kankare tsatsa har a ga farin ƙarfe, buga wurin da ya lotsa kafin a sa mastik siriri (ƙullun da ake cike rami da shi), gogewa da samfefa daga mai kaushi lamba 80 a sauko 180, a fesa fentin shimfiɗa wanda launi ke zama a kansa, a bar shi ya bushe sosai, a sake bi da 400 ko 600. Mai kwana biyu ba zai yi wannan ba. Zai liƙa jarida a gilashi, ya ɗan shafa samfefa sama-sama, ya fesa a kan mataccen barni. Ranar da ka ɗauka za ta yi kyau kamar amarya.

Ka tambayi kowannensu abu uku. Wane fenti zai sa, mai haɗi biyu da ake zuba masa ruwan da ke sa ya ƙame, ko selilos mai bushewa nan take? Selilos ya fi arha amma ba ya daɗewa a ranar Maraɗi. A ina zai fesa, a ɗaki rufaffe da aka yayyafa wa ruwa a ƙasa, ko a fili? Sannan kwamfiresarsa tana da matatar ruwa? In iskar ta zo da laima, fentin zai yi ƙuraje bayan ƴan watanni.

Omo da gazuwal kuma a daina daga yau don Allah. Omo yana wanke duk wani kaki da ke kare fentin, gazuwal kuma ƙura yake kamawa, ga shi ranar da za a yi fenti sai mun sha wahala kafin mu fitar da maiƙonsa, in ba haka ba sabon fentin ya riƙa buɗe ƙananan idanu.

Maman Abdul, Zariya 2

Malam, ka ji maganar Usta. Ni na bi hanyar arhar, har yau abin yana mini ciwo. Corolla tawa ruwan azurfa ce, rufinta ya ɓare kamar yadda kaponka ya yi. Na kai ta wani garaji a watan Janairu, iskar buji mai ƙura na tsakiyar kaɗawa, don ina son ta fito kafin bikin ƙanwata. A ƙarƙashin rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe aka fesa ta. Da na je ɗauka da yamma ta burge ni. Washegari da rana ta fito na shafa rufin, sai na ji shi gantsar-gantsar kamar an watsa yashi, ƙura duk ta manne a cikin barnin. Robar gilashi da maƙallin lamba duk sun sha fenti. Na koma, ya ce haka sabon fenti yake, zai kwanta.

Bai kwanta ba. Damina na wucewa ya fara ɓarewa daga bakin robar gilashin baya, daidai inda bai goge ba. A ƙofar direba kuma wani wuri ya tsage ya faɗo kamar ɓawon ƙwai, ashe mastik ya cika a ramin bai buga ƙarfen ba. Wanda ya gyara mini daga baya ya nuna mini da mayen ƙarfe: ya ɗora a ƙofar, wurin lafiya ya kama, wurin mastik ya zame. Sai da aka kankare duk aikin farkon kafin a fara, kuɗin ya fi wanda na guje wa tun asali.

Kada ka biya duka a gaba. Ka ba da na kaya, ka riƙa leƙawa, kuma ka ce sai ka ga motar da idonka bayan an sa fentin shimfiɗa kafin a fesa launi. Ka kuma nemi ya nuna maka motar da ya yi shekara biyu da suka wuce, ba ta jiya ba.

Ɗan Gulbi

Ni dillalin motoci ne, zan faɗi abin da ba a so. Jika 230 a kan Carina ta 96, ko gobe ka kai ta kasuwa ba za su dawo maka ba, mai saye ma yakan yi zargin an ɓoye hatsari idan ya ga tsohuwar mota da sabon fenti. Amma ka ce ba ta sayarwa ba ce, to lissafinka daban.

Canza launi dai ban ba ka shawara ba. Fari ya fi sanyi a rana, gaskiya ne, sai dai in za a yi shi daidai dole a fesa cikin ƙofofi da cikin but da ɗakin inji, in ba haka ba kana buɗe ƙofa ja zai leƙo. Ka kuma duba takardunta, idan an rubuta launi a ciki sai an gyara, kada ka riƙa dogon bayani a kowane shinge tsakanin nan da Ɗan Isa.

Baban Nafisa, Ali Ɗan Sofo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Usta, na yi gwajin jiya bayan la'asar. Wallahi da na ɗaga tsumman daga rufin sai da na tsaya shiru. Tsumman ya yi jajur, wurin da na goge kuma ya fito da ainihin jan da na sani tun ina saurayi, lokacin da Baba ke sa ni wanke ta ranar Juma'a. Har fuskata na gani a ciki. Na kira maman yara ta zo ta gani, ta ce in ƙara wani wurin, na ƙara a but, shi ma ya dawo. Sai dai a tsakiyar rufin akwai wani wuri kamar faɗin littafi da ya ƙi, wani toka-toka ne ke leƙowa ta ƙasa, sai na dakata. Kapo kuwa tsumman bai ɗauko komai ba.

Maganar fari na ajiye ta. Maman Abdul, na koma wurin mai jika 230, ya nuna mini wata mota da ya ce ya yi a 2022, na shafa bakin robobinta ban ga ɓarewa ba. Yanzu tambayata: in aka yi kapo da rufi kaɗai, ba za ta fito kala biyu ba?

Usta mai fenti, Sabon Gari

Madalla da ka tsaya. Tokan nan fentin shimfiɗa ne, jan ya ƙare a wurin, don haka rufin ya shiga sahun kapo. Sauran jikin a goge shi da inji, a hankali, musamman a kan kusurwoyi inda fenti ya fi siriri.

Kala biyu tana zuwa ne idan aka haɗa fenti kafin a goge. A fara gogewa tukuna. Lambar launin Toyota tana kan ƙaramin allon da ke ɗakin inji ko a bakin ƙofa, inda aka rubuta C/TR, haruffa ukun farko. Da ita mai haɗa fenti zai fara, amma kada ya tsaya a nan, don ja mai shekara kusan 30 ba zai yi daidai da na gwangwani ba. Ka cire murfin tankin mai bayan an goge shi, ka kai masa, ya fesa gwaji a guntun kwano, ku kara shi da ƙofa a hasken rana, ba a cikin shago ba. Rufi ba shi da wahala tunda ba ya jere da komai a ido. Kapo ne ke son kulawa, don yana haɗe da kafaɗun gaba biyu.

In da hali ka bari sai Oktoba, ruwa ya ɗauke buji bai taso ba. Bayan an gama, wata biyu ruwa zalla da tsumma mai laushi, kada a sa kaki, kada a rufe ta da tampol. Ka kuma matsar da ita daga ƙarƙashin bedin nan, kashin tsuntsu in ya kwana a kan sabon fenti rana ta buge shi, tabonsa ba ya fita da wanki. Zana huɗu da icce shida sun isa rumfa.