Yaya aka yi tsarin mulkin Najeriya na 1960 ya samu amincewar kowane yanki?

Ɗalibar Tarihi:
Salamu alaikum malamai. Arewa, Yamma da Gabas kowa da buƙatarsa, to ta yaya aka cimma matsaya kafin samun 'yancin kai?

Malam Na-Kofa:
Wa alaikumus salam 'yata. Fara daga taron Ibadan na 1950. Wakilan Arewa sun kafe sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, kuma suka samu: Arewa 68, Yamma 34, Gabas 34. Tsarin mulkin Gwamna Macpherson ke nan na 1951. Amma ya tara iko a tsakiya, shi ya sa bai jima ba. A 1953 Anthony Enahoro, wakili daga Yamma, ya kawo ƙudurin neman a samu mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a mayar da wa'adin "da zarar ya yiwu". Rikicin ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayu.

Baban Hauwa:
Ƙari kan bayanin Malam: wannan rikicin ne ya haifi tsarin tarayya na 1954. Awolowo ya so Legas ta zauna a Yamma, aka mayar da ita ƙasar tarayya. Ya nemi a rubuta 'yancin ɓallewa, aka ƙi.

Hajiya Lauya:
Kada a manta da ƙananan ƙabilu, abin da ya fi ci mini rai. Sun nemi jihohinsu, Hukumar Willink ta 1958, wadda Birtaniya ta kafa don duba kokensu, ba ta yarda ba, sai aka sa babin haƙƙin ɗan Adam a tsarin mulkin 1960 a madadin jihohin. Kukansu bai tsaya ba, har aka ƙirƙiri yankin Yamma ta Tsakiya a 1963.