Shin ciwon suga na iya jawo wa mutum ciwon damuwa?

'Yar Mabera:
Assalamu alaikum. Tun da aka gano Innarmu tana da ciwon suga, hawan jini kuma ya biyo baya, ta canza gaba ɗaya. Ta daina zuwa biki da suna, barci ya ƙaurace mata, abinci sai an lallashe ta, maganin ma cewa take yi ba ta ga amfaninsa ba. Wasu dangi sun ce rashin tawakkali ne, wasu sun ce sammu ne. Shin ciwon jiki na iya taɓa zuciyar mutum har haka?

Ma'aikacin jinya, Gawon Nama:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya. Yana iya taɓawa ƙwarai, domin masu ciwon suga sun ninka sauran mutane sau 2 zuwa 3 wajen kamuwa da ciwon damuwa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye suna fama da shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ciwon suga da ciwon damuwa ke ciyar da juna. Damuwa mai daɗewa tana ƙara sinadarin kotisol a jiki, wanda ke ɗaga suga a cikin jini, sannan mai damuwa yakan yi sakaci da magani da ƙa'idar abinci, sai sugan ya hau, jiki ya mutu, damuwar ta ƙaru. Idan alamomin sun wuce mako 2, ku faɗa wa likitan da ke duba suganta duk abin da kika rubuta a nan, kada ku tsaya ga awon jini kawai.

Dattijo daga Runjin Sambo:
Ɗiyata, ku daina bari ana ce mata ba ta da tawakkali, domin wannan maganar nauyi take ƙara mata. Addu'a ba ta hana neman magani. Ku riƙa zama da ita bayan la'asar, ku saurare ta.

Malama a Arkilla:
Ina ƙara da cewa ƙarancin jini da raunin aikin ƙululun maƙogwaro suna kawo kasala mai kama da wannan, saboda haka ku roƙi a gwada su. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, duk a jihar Sakkwato. Idan an ba ta maganin damuwa, yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, don haka kada ta yanke shi ba da sanin likita ba. Idan kuwa ta fara maganar gara ta mutu, ku kai ta a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai.