Zan sayo mota mai ɗaki daga Indiyana, harajinta a wace jiha zan biya?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Houston ta jihar Teksas a Amurka, kuma wanda ya taɓa wannan harka da hannunsa nake nema. Na samu mota mai ɗaki, irin wadda ake kira RV, ta hannu, mai injinta ba wadda ake ja ba, a wajen wani dila a Elkhart ta jihar Indiyana. Mun tsaya a dala 48,000. Irinta a nan kusa da mu ban ga ta ƙasa da 54,000 ba. Aikina na kwangila ne, yau wannan gari gobe wancan, kuɗin otal ya ishe ni, kuma iyali na so su riƙa bina lokacin hutun makaranta.

Inda na maƙale shi ne haraji. Indiyana tana karɓar kashi 7 cikin 100, Teksas kashi 6.25. Dila ya ce shi ba zai karɓi ko sisi ba, in sa hannu a wata takarda kawai, in zo gida in biya. Wani abokin aikina kuma ya rantse cewa shi a jihar da ya sayi motarsa aka caje shi. Tsorona kada in biya 3,360 a can, in dawo nan a sake karɓar 3,000. Zuwa Juma'a aka ba ni in ajiye kafin alƙalami. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Direban Tirela: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a kai ga haraji, an hau rufinta an duba? Ruwa ne ke kashe waɗannan motoci, ba inji ba. Ka danna bango ta kusa da tagogi, in ka ji laushi ka juya ka tafi. Sannan ka tambayi nauyinta. In ya haura fam 26,000, lasisin ƙaramar mota ba zai wadatar da kai a Teksas ba.

Maman Sadik: To me ya kai ka Indiyana? Ka duba Oregon ko Montana ko Delaware mana, ai su ba su da harajin saye kwata-kwata. Maigidana har kwamfuta a Delaware yake sayowa.

Malam Akanta: Hajiya, mota ba kamar kwamfuta take ba, don ita sai an yi mata lamba. Gaskiya ne jihohi biyar ba su da harajin saye na jiha, waɗannan uku da kika faɗa da Alaska da New Hampshire. Amma harajin mota yana bin inda za a yi mata rajista ne, ba inda aka miƙa kuɗi ba. Ko a Oregon Baban Ilham ya sayo ta, ranar da ya shiga ofishin haraji na gundumar Harris, inda Houston take, neman takardar mallaka sai ya ajiye kashi 6.25 ɗin nan.

Baban Ilham, maganar dilanka tana kan hanya. Indiyana tana da sassauci na musamman a kan RV ga mutanen yawancin jihohi: ka cike takarda mai suna ST-137RV, ka fitar da motar cikin kwana 30, ka yi mata rajista a jiharka, su ba za su karɓa ba. Ƙila abokin aikinka mota ce ta yau da kullum ya saya, ko a wata jiha mai tata dokar, kamar Florida da ke karɓa daga baƙo. Kuma ko da an karɓa a can, Teksas tana cire abin da ka riga ka biya wa wata jiha, muddin ka zo da rasit. Abin da za ka kiyaye shi ne kwana 30 bayan shigo da ita. In ka makara akwai tarar kashi 5, in makarar ta haura wata guda ta koma kashi 10.

Sarkin Yawo: Wane irin 3,000 kuma? Ni dala 90 na biya a Dallas, ga rasit ɗina a ajiye. Kada ku tsorata bawan Allah.

Malam Akanta: Yallaɓai, ba da motarka ka ƙauro Teksas ba, tana da lambar wata jiha da sunanka?

Sarkin Yawo: Daga Ohio na zo da ita, eh.

Malam Akanta: To shi ke nan. Dala 90 na sabon mazauni ne. Baban Ilham ya daɗe a Houston, wannan ƙofa ba tasa ba ce.

Kawu Na Gabas: Na ga an ambaci Montana, shi ya sa na kasa yin shiru. Ɗana Baban Ilham, in wani ya kawo maka wannan shawara, ka toshe kunnenka.

A 2019 na sayi tawa dala 92,000. A wajen baje kolin motocin aka haɗa ni da wani kamfani, ba zan kama sunansa ba. Suka ce abu ne mai sauƙi, za su buɗe mini kamfani a Montana, kamfanin ne zai mallaki motar ba ni ba, lamba ta fito daga can, haraji babu. Na tambaye su har sau nawa, halal ne a doka? Suka ce Montana ta yarda, kowa haka yake yi. Na ba su dala 1,500, lamba ta iso ta gidan waya, fara tas da hoton duwatsu. Ko sau ɗaya ban taɓa taka ƙasar Montana ba.

Abin da ba su faɗa mini ba shi ne, Montana ta yarda, amma jihar da nake kwana ba ta yarda ba. Motar tana nan gefen gidana kowa na ganinta. Ana nan sai ga wasiƙa daga masu haraji. Wallahi da na buɗe, akwai jerin ranakun da motar ta bi ta ƙofofin biyan kuɗin hanya, akwai adireshin da na ba masu inshora, har da hotonta a gaban gareji da kwandon sharata a gefe. Suka ce motar a nan take zaune, don haka harajin amfani, wato wanda jiha ke karɓa a kan abin da aka sayo daga wata jiha, ya hau kaina tun ranar da ta shigo. Ga asalin haraji, ga tara, ga kuɗin jinkiri da ya taru, ga lauya. Abin da ya fita daga hannuna ya tasar wa 11,000, alhali da na biya tun farko ko 6,000 ba zai cika ba.

Na kira masu kamfanin, yarinyar da ta ɗauka ta ce su takardu kawai suke cikewa, ba su ba da shawarar doka, in duba shafi na kaza na yarjejeniya. Kuɗin da na biya da su, kuɗin kujerar Makka ne da nake tara wa Hajiyarmu. Ba ta samu zuwa a shekarar ba, kuma Allah bai kai ta ta gaba ba. Har yau in na ga lambar Montana a kan hanya sai gabana ya faɗi.

Maman Sadik: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Hajiya, ya ba ta ladan niyya. Kawu ka yi haƙuri, ni ban san abin ya kai haka ba.

Direban Tirela: Allah ya gafarta mata. Kawu, wa ya kai ƙararka? Irin wannan sai maƙwabci.

Kawu Na Gabas: Ina da wanda nake zargi, amma na bar shi da Allah.

Sarkin Yawo: Allah ya jiƙanta. Amma Kawu, tsakani da Allah, na san mutane da lambar Montana shekara da shekaru ba wanda ya ce musu kanzil. Kai matsalarka ka ajiye ta a ƙofar gida. Wanda yake yawo da ita kullum, kamar yadda Baban Ilham zai yi, lissafinsa daban ne.

Kawu Na Gabas: Haka su ma suka ce mini. Ranar da wasiƙa ta zo ba ka nan.

Malam Akanta: Baban Ilham yana da gida a Houston, lasisinsa na Teksas, yaransa na makaranta a can. Duk yawon da zai yi, nan zai dawo da ita. Kalifoniya ma, in ka shigo da mota cikin wata 12 da sayenta, ɗauka suke don amfanin can ka saya, kai ne za ka kawo hujjar akasin haka. A kan dala 3,000 ba zan ba ɗan'uwana shawarar wannan kasada ba.

Sarkin Yawo: Malam, da girmanka, kai takardun harajin albashi kake cike wa mutane. Ka taɓa mallakar RV? Mu da muka kwana a cikinta mu ne za a saurara.

Malam Akanta: Ban taɓa ba. Amma mai ita ne ya ce a biya dala 90 ɗazu.

Hajiyar Bronx: Haba jama'a, bawan Allah tambaya ya yi. Ni dai abin da na sani, mu nan birnin New York kashi 8.875 ake yanka mana, ko daga wace jiha ka jawo mota. Wanda zai biya 6.25 ya gode wa Allah.

Ɗan Maraɗi: Ku taho Greensboro ku huta. Carolina ta Arewa kashi 3 ne, kuma a kan RV ba ya wuce dala 2,000 ko ta miliyan ce. Maƙwabtanmu na Carolina ta Kudu ma 500 ne iyakarsu.

Abu Maryam: Ka faɗi rabi ka bar rabi, ɗan'uwa. Ku fa duk shekara sai kun biya harajin dukiya a kan mota kafin a sabunta muku lamba. Mu ma a Virginia haka ne, kashi 4.15 wajen saye, kana murna, sai takardar gunduma ta riƙa zuwa maka kowace shekara. Gara Maryland, kashi 6 sau ɗaya.

Maman Sadik: Ba 6 ba ne yanzu, tun Yulin 2025 ya koma 6.5. A Baltimore nake.

Abu Maryam: Ni 6 ƙanena ya biya.

Maman Sadik: Yaushe?

Ɗan Autan Zaure: Ni tambayata ta addini ce. Wanda gidansa ke tafiya da shi, matafiyi ne ko mazauni? In ƙasaru zai riƙa yi daga falo zuwa kicin a sanar da mu, mu ma mu nemi tamu.

Hajiyar Bronx: Kai dai Auta ba ka girma. Ka bari Maman Ilham ta ji ana shirin mayar da ita ɗakin da bai kai shagon mai shayi ba.

Baban Ilham: Ita ce ma ta zaɓi motar, Hajiya. Na gode ƙwarai, Kawu Allah ya jiƙan mahaifiya, Montana kam na cire ta. Malam Akanta, saura abu ɗaya. Bankin da zai ba ni rance ya ce dila ne zai karɓi harajin Teksas ya aiko da takardu, dila kuma ya ce ni zan je da kaina. In na ba shi 3,000 ɗin, me zai nuna cewa ta iso? Kuma lambar wucin gadi da zai maƙala mini, za ta kai ni har a gama rajista?

Direban Tirela: Kafin Malam ya amsa, ina za ka ajiye ta? Don wannan ya fi harajin ciwo. Ni tawa ƙarama ce ta ja, na kawo ta ƙofar gida ranar Alhamis don mu loda kaya, kafin Asabar ƙungiyar masu gidajen unguwa ta manna mini takarda. Gidana, filina, da kuɗina na saya, wai tana ɓata wa unguwa kyan gani. Yanzu dala 140 nake biya duk wata a wani fili mai shinge, a rana, ba ko rumfa.

Abu Maryam: 140 ai ka samu sauƙi. Nan 260 ne, kuma a filin aka yanke wa wani maƙwabcina abin tace hayaƙi na ƙarƙashin mota, masu filin suka ce ba ruwansu.

Kawu Na Gabas: Mutanen ƙungiyar nan ai su ne. Wanda nake zargi ma a cikinsu yake. Matar da ke zagaye da waya tana ɗaukar hoton ciyawar mutane, ita ce ta fara tambayata me ya sa lambata ta wata jiha ce.

Hajiyar Bronx: Yayata a Jojiya tara suka ci ta a kan shanya. Zannuwa ta baza a bayan gidanta, bayan gida fa, ba gaba ba.

Sarkin Yawo: Ku kuke zuwa ku sayi gida a irin unguwannin nan. Kafin ka sa hannu ai ana ba ka kundin dokokinsu, wa ya taɓa karantawa a cikinku?

Direban Tirela: Shafi nawa ne, ka gani? Kuma dokar RV ɗin bayan na tare suka ƙara ta, a taron da aka sa ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya na rana. Wa zai bar masallaci ya je? Abu Maryam, ku a wajenku mutum nawa ake buƙata su sa hannu kafin a tilasta musu sake zama?