Toshewar jijiyoyin jinin ƙafa: abin da jama'a suka ce kan wanda magani ya fi karɓa

Jama'a, muhawarar da aka yi kan su wa maganin wannan ciwo ya fi karɓa da su wa ya fi ba wahala ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Kowa ya yarda masu ciwon suga su ne abin tausayi, don toshewar tasu ƙasan gwiwa take kamawa, ga ƙafar ba ta jin zafi, takalmi ya ci mutum bai sani ba sai gyambo ya ruɓe, ko an buɗe jijiyar tana saurin sake toshewa. A duba tsakanin ƴan yatsu kullum, don Allah.

2. Mai shan taba, in bai bari ba, aikin buɗe jijiyar da aka yi mishi ba ya daɗewa.

3. Mata suna zuwa a makare saboda ciwon nasu ba kullum yake zuwa da ɗaurewar sha-raɓa in ana tafiya ba, sai a ce tsufa ne ko sanyin ƙashi. Jijiyoyinsu kuma sun fi siranta. Wannan ya dame ni ƙwarai, iyayenmu mata akwai haƙurin ciwo.

4. Tsofaffi da masu ciwon ƙoda, an fi son buɗe musu jijiya da balan-balan (wanda ake zurawa cikin jijiyar a hura shi) a kan babbar tiyata. Aspirin ma sai da izinin lokotoro, yana sa zubar jini.

5. Inda aka rabu: a Amurka an fi yanke wa baƙar fata ƙafa. Wasu sun ce gado ne, mafi yawa sun ce talauci ne da rashin ganin ƙwararre da wuri, kamar mutumin ƙauyen Tawa da sai ya haɗa kuɗin mota zuwa Yamai. Ni ina bayan na biyun.